Sawu A Kangon Mota

Ranar Laraba da safe motar Akawu ta mutu a tsakiyar gada da mutum huɗu a cikinta. Babu abin da ya lalace. Mai ne ya ƙare, alhali ranar Litinin da yamma a gaban idon kowa aka juye mata lita goma, wanda ya kamata ya kai su aiki Laraba da Juma'a, zuwa da dawowa.

Ga yadda motar nan take. Tun da mai ya tashi karo na uku cikin shekara, Akawu ya kasa riƙe ta shi kaɗai. Sai ya haɗa kai da maƙwabtansa na gidan haya: Nas mai aiki a asibiti, da Tela mai shago a babbar kasuwa, da Dogo, ƙanin matata. Akawu da Nas da Tela ke haɗa kuɗin mai. Dogo ba ya ba da ko sisi, tuƙi ne nasa, don ƙafar Akawu nauyi gare ta a kan totur, abin da Dogo zai yi kwana biyu da shi, shi a wuni ɗaya yake ƙone shi. Kwana uku motar ke fita: Litinin, Laraba, Juma'a. Sauran kwanakin tana lulluɓe da tamfol a kangon bayan gida, kowa ya taka da ƙafarsa.

Dogo a kamfanin robobi yake aiki, can ƙarshen gari inda kwalta ta ƙare. Su ma kamfanin sun rage aiki zuwa waɗannan kwana ukun. In ya ce zai shiga motar haya, abin da zai biya zuwa da dawowa ya kusa cinye abin da ake ba shi a wuni. Kujerar direban nan ita ce aikinsa, ita ce abincin 'ya'yansa uku.

Kuma makulli a hannunsa yake. Na tanki da na mota duk a zobe ɗaya.

Da yamma suka taru a tsakar gida suka yi masa ca. Nas an rubuta mata takardar gargaɗi saboda latti, tana huci. Ta tuna musu cewa mako biyu da suka wuce ma mai ya gaza, aka ɗora wa gidan mai laifin tauye lita. Akawu bai ɗaga murya ba. Ya ce shi ba ya son zargin kowa, amma nasa makullin na biyu ya ɓata tun bara, kuma tanki ba ya buɗe kansa. Aka yanke cewa safiyar Juma'a Dogo zai ajiye makulli, a nemi wani direban.

*

Ni facin taya nake yi a bakin babban titi. Amma tun ina ƙarami nake bin ubana neman dabbobin da suka ɓata, kuma har yau in an sace akuya ko babur a unguwa ni ake kira in duba ƙasa. Ba a biya na. Godiya ce, wani lokaci ko ita babu.

Na dawo gida na iske Dogo zaune a kan turmi ya haɗa kai da gwiwa, yayarsa tsaye a kansa. Ko sannu da zuwa ba ta yi mini ba, ta ce tunda ina bin sawun akuyar mutane a banza, yau sai in bi na ɗan'uwanta.

Na tambaye shi ko shi ya sha. Ya ɗago ya dube ni kamar na mare shi.

"Yaya, har da kai?"

"Har da ni. Ka sha ko ba ka sha ba?"

Ya ce bai sha ba. Na tambaye shi inda yake ranar Talata, ranar da motar take ajiye. Ya ce yawo ya yi yana neman aikin lebura, daga wannan gini zuwa wancan, bai samu ba, ruwan sama ya kama shi a hanya ya fake a wata rumfa. Wa ya gan shi? Babu. Makulli fa? A aljihunsa, ko wanka zai shiga da shi yake shiga.

Na ce masa in da ni ne Nas, da ni ma shi zan kama. Matata ta ɗauke kwanon abincin da ta ajiye mini, ta ce in na gama zama Nas sai in zo in ci.

*

Safiyar Alhamis na rufe shago na tafi kangon. Ranar tafiyar ƙafa ce, yawancin 'yan gidan sun fita tun da sassafe. Dogo ya buɗe mini ƙofar.

Kangon fili ne mai katanga, ƙofarsa ta langa-langa tana kallon lungun baya. Lungun gangara ne mai tsawo. Batirin motar ya daɗe da gajiya, saboda haka da safe tura ta suke yi waje, ta mirgina ƙasa, Dogo ya sa giya ta tashi. Da yamma kuwa ta sama yake biyowa, ya kashe inji tun daga kan tudu, ta gangaro shiru, ya karya kan ta ya shige kangon har jikin bango. Daga bakin ƙofa zuwa bango akwai ɗan hawa. Dogo ya san daidai gudun da zai shigo da shi, bai taɓa gazawa ba. Wannan kashe inji a gangara yanzu kowa haka yake yi, har masu manyan motoci.

Na fara da tanki. Wanda ya zuƙi mai da tiyo dole ya tofar, dole ya ɗiga, kuma mai in ya taɓa ƙasa sai ya bar tabo mai duhu na kwana da kwanaki. Na shinshina, na tona da yatsa. Babu. Na kwanta rigingine na shige ƙarƙashin motar ina neman yoyo. Tanki a bushe, bututu a bushe.

Ina ƙoƙarin fitowa ne tafin hannuna ya ji ƙasar da nake kwance a kai. Gurji-gurji take, cike da ƙananan ramuka irin waɗanda ɗigon ruwan sama ke bari. Ƙasar kangon laka ce, in ta jiƙe ta bushe sai ta riƙe abin da aka yi mata kamar siminti.

Na tambayi Dogo yaushe aka yi ruwa. Ya ce Talata da azahar, shi ne kaɗai a makon.

"To ruwa ya daki ƙasar da ke ƙarƙashin motarku," na ce masa. "Mota mai tamfol. Ka gane?"

Bai gane ba, sai da na faɗa masa dalla-dalla. Ba zuƙe man aka yi ba. Lokacin da ake ruwa motar ba ta nan. Fita aka yi da ita aka ƙone shi a titi.

Na koma bakin ƙofa na bi layin taya a durƙushe. Turin ranar Laraba ya tattake wuri, amma a busasshiyar ƙasa aka yi shi, bai shiga ba. Abin da aka yi a kan laka kuwa yana nan. Motar ta shigo ƙofa ta tsaya, rabi ciki rabi waje. Daga nan sai sawun mutum ɗaya a tsakanin layin tayoyin, kan takalmi kawai, ya nitse sosai, ya zame sau biyu. Tura ta ya yi shi kaɗai har bango. Inda ya dawo rufe ƙofa ya taka da cikakkiyar ƙafa: takalmi ƙafa-ciki mai tsinin baki, ƙasansa sumul, an buga masa ƙarfe a dunduniya. Ƙarfen hagu ƙusa biyu gare shi maimakon uku.

Na dubi ƙafar Dogo. Faɗinta kamar faranti, cikin silifa da aka ɗaure da waya. Na kifa tsohon kwano a kan sawun, na ɗora dutse.

*

Tela ne ya fara ɓata mini lokaci. Bai je kasuwa ba ranar, ya ce ƙafarsa ta kumbura. Ya ja ni gefe ya ce in rabu da ƙasa in je in duba Mai Caji, wanda ke da kes ɗin cajin waya a bakin lungu. Kowa ya rage tayar da janareta, shi nasa daga safe har yamma yana ruri. Ina yake samun mai? Kuma shi Tela da idonsa ya ga tiyo a bayan kes ɗin.

Na san ba tiyo ba ne, amma mai janareta yana iya sayen abin da wani ya kawo masa, kuma ƙofarsa na kallon lungun. Na je. Mai Caji ya saurare ni har na gama, sannan ya shiga ya fito da tiyon ya miƙo mini. Na gas ne. Ya daɗe da mayar da janaretansa na gas, ga tukunyar nan a ɗaure da sarƙa. Ya ce in koma in gaya wa Tela ya zo ya karɓi wayarsa da ta kwana biyu a wurinsa, ya daina aiko masa da 'yan sanda marasa kaki. Ranar Talata kuwa tun hantsi ya rufe ya tafi cika tukunya, bai dawo ba sai bayan la'asar.

Gwaggo, tsohuwar da ke wuni a gidan, ta ce ita ba ta ji tashin mota ba. Na ce ai ba za ta ji ba, tura ta ake yi. Ta ce to me ya kawo ni wurinta. Sannan ta riƙe ni rabin awa tana ba ni labarin yadda a da ake cika tanki da kuɗin da yanzu ba zai sayi ashana ba, ta ƙare da cewa tunda na zo, in duba mata kazarta da ta ɓata.

Mai sayar da gawayi a ƙasan gangara ita ce ta ga wani abu. Ta ce ƙwarai, Talata da hantsi motar ta gangaro ta wuce ta gabanta, ta yi tari sau biyu kafin ta tashi. Na tambaye ta wa ke ciki. Ta ce Dogo mana.

"Kin ga fuskarsa?"

"Wa ke tuƙa ta in ba shi ba? Gilas a rufe yake, ni kuma ina auna wa mutum gawayi."

Na roƙe ta kar ta faɗa wa kowa tukuna. Kafin in kai saman lungu maganar ta riga ni. Tela na tsaye a ƙofar gida yana gaya wa Nas a waya cewa an samu shaida. Da na ce masa sawun ba na Dogo ba ne, sai ya ce to abin ya fi muni ke nan, Dogo haya yake ba wani baƙo da motar mutane. Nas ta ce a gaya mini in ba a gama maganar yau ba, gobe ba makulli kaɗai za a karɓa ba, ofishin 'yan sanda za ta.

Wato aikin da na yi tun safe ƙara wa yaron nan nauyi ya yi.

*

Na je wurin mai gyaran takalmi na zana masa dunduniyar a ƙasa. Dariya ya yi. Ya nuna mini gwangwani cike da irin ƙarfen. Ya ce tun da mutane suka koma tafiyar ƙafa, a rana yakan buga ashirin, shi kaɗai ne a garin nan yake wa tsadar mai addu'ar alheri. Wa ya buga wa mai ƙusa biyu? Ya ce ƙusa uku yake bugawa, titi ne ke cire ɗaya.

Na fito raina a ɓace. Ban ci komai ba, shagona a rufe, kuma na san masu babur biyu ko uku sun zo sun tafi wurin wani. Na haye saman gangara na zauna a kan kwalbati inda lungun ya haɗu da babban titi. La'asar ta yi, masu dawowa daga aiki sun fara wucewa. A da, wannan lokacin ba ka iya tsallaka titin don motoci. Yanzu mutane ne jere a gefen kwalta kamar tururuwa, sai jefi-jefi wata bas ta wuce da mutum har a bakin ƙofa.

Ƙafafu nake kallo. Na ce wanda ya san kangon nan har ya samu makulli ba daga nesa yake ba, zai bi ta nan. Na kalli ƙafa ta fi ɗari biyu. Silifa, takalmin roba, kambas da ya fashe, wani ma ƙafa biyu launi biyu. Mutum sanye da riga mai guga da agogo, ƙasa kuwa silifan banɗaki. Ko mutum ɗaya mai ƙafa-ciki ban gani ba. Na fara tunanin ko aljani nake nema.

Sai wani mutum ya sauko daga bayan wata motar kaya da ta rage masa hanya, ya zo ya zauna kusa da ni a kan kwalbatin. Ya yi sallama, ya cire takalminsa baƙi mai sheƙi, ya hure ƙurar, ya ciro silifa daga leda ya sa, ya mayar da baƙin cikin ledar. Ya ga ina kallonsa, ya ce ai dole, in ya taka wannan har gida wata ɗaya ba zai yi ba, na ofis ne kawai.

Na sake duban titi. Kusan kowane mai riga mai guga yana riƙe da leda ko jaka, kuma yawancinsu da tudun abu biyu a ciki. Na wuni ina kallon ƙafafun mutane, takalman kuwa a hannu suke tafiya.

A gidan su Dogo mutum biyu ne ke fita da leda ko jaka.

*

Na sa Dogo ya kira su kangon kafin rana ta faɗi. Nas ta zo da kayan aikinta a jiki. Akawu ya shigo da ledarsa a hammata, yana ɗingishi saboda tafiya, ko gida bai shiga ba. Tela ya zo, Mai Caji ya biyo shi don kallo, Gwaggo ta sa aka kawo mata kujera. Matata ma ta zo ta tsaya a bakin ƙofa ta harɗe hannu.

Na nuna musu ƙasan motar, na ɗaga kwanon na nuna musu sawun. Na ce wanda ya yi wannan ya kashe inji a kan tudu kamar yadda ya ga Dogo na yi, amma bai san gudun ba, motar ta mace masa a ƙofa. Batir ba ya tashi, dole ya sauka ya tura a cikin laka. Da ya bar injin yana aiki na numfashi biyar, da ya shige har bango, da ba ni da abin nuna musu. Cokali ɗaya na mai ya yi wa rowa.

Nas ta ce ba wa'azi ta zo ji ba, in faɗi suna.

Na ɗauki bokiti na kwara ruwa a gefe, na jira ƙasa ta sha. Na ce kowa ya taka. Dogo ya taka, silifarsa ta kusa ninka sawun. Tela ya taka yana gunaguni. Mai Caji ya taka da ƙafa biyu ya ce a rubuta. Nas ta taka, ta kuma buɗe jakarta da kanta ta fito da farin takalmin asibiti ta dangwala. Akawu ya taka da takalmin robarsa. Babu wanda ya yi daidai.

Akawu ya yi ajiyar zuciya. Ya ce to an gani, baƙo ne, kuma baƙo ba ya samun makulli sai wanda ke riƙe da shi ya ba shi. Ya ce shi bai so abin ya kai haka ba, don yaron nan yana da iyali.

"Yallaɓai," na ce, "saura na cikin leda."

Ya ce wane. Na ce na hammatarsa. Ya ce takardun ofis ne. Nas ta dube shi ta dubi ledar, ta ce ai ita ta buɗe tata. Ya ce shi ba za a tozarta shi a kan motarsa ba, ya juya zai fita. Matata ba ta matsa daga ƙofa ba.

Nas ce ta zare ledar. Takalmi ne ƙafa-ciki a ciki. Na karɓi na hagu na juya shi. Ƙusa biyu. Na danna shi a jiƙaƙƙiyar ƙasa kusa da tsohon sawun, na koma gefe na bar su su duba da kansu. A lungun dunduniyar har da sauran busasshiyar laka, an goge sama an manta ƙasa.

Gwaggo ta ce a gaya mata me aka gani.

Akawu ya zauna a kan bulo. Da ya fara magana ƙasa yake kallo. Makullin bai ɓata ba. Ranar tafiyar ƙafa yakan je ofis ya sa hannu, ya sulale ko takalmin ofis bai cire ba, ya dawo ta lungun baya, ya fita da motar ya ɗan yi kabu-kabu, da niyyar ya mayar da man da ya ƙona ya riƙe abin da ya ragu. Karon farko ya kusa mayarwa daidai. Ranar Talata ruwa ya sa go-sulo, ya yi awa biyu a tsaye inji na ci, fasinja biyu suka sauka ba su biya ba. Da ya isa gidan mai ya tarar an sake ƙara kuɗi tun da rana. Abin da ya tara lita biyu ya saya. Su ne suka kai su gada.

Nas ta tambaye shi, da ta ce za ta kai Dogo wurin 'yan sanda, shiru zai yi?

Nan ne ya ɗago. Muryarsa ta canza.

"Motata ce. Da kuɗina na saye ta lokacin da babu wanda ya san ku. Albashina ba ya kai ni goma ga wata. Tunda abin ya zama tonon asiri, daga gobe kowa ya nemi hanyarsa. Na fasa."

Na buɗe baki zan gaya masa abin da ya dace da shi, kuma ina da shi da yawa. Sai na ji an riƙe mini hannu. Dogo ne.

"Yaya, don Allah bar shi haka. Gobe ina da aiki."

Ya sake ni ya je gaban Akawu ya durƙusa. Mutumin da aka kwana biyu ana kira ɓarawo, shi ne a durƙushe yana ba da haƙuri. Ya ce a yafe masa in ya jawo wa babba abin kunya, ba nufinsa ba ne, kowa ya san halin da ake ciki, a rufa wa juna asiri. Akawu ya kawar da kai yana jin daɗin a roƙe shi. Na dubi matata. Ta juya fuska tana kallon bango.

Nas ce ta gama maganar, ba da roƙo ba. Ta ce wa Akawu ya fasa ɗin, ta gani ko da ruwan rijiya zai tuƙa ta, kuma da wannan gwiwar tasa ya taka kwana biyar a mako. Ta ce ita ba ta sake zuba ɗigon mai a motar da ke iya fita bayan idonta, kuma kar ya ce zai ba da makulli, don wanda ya ɓoye ɗaya zai yanka wani. Tela ya ce a sa kwaɗo a ƙofa. Mai Caji ya ce kwaɗo ai ɗan'uwan makulli ne. Suka yi ta ja-in-ja, ni ina tsaye ina tunanin shagona.

Don in samu in tafi ne na ce mota dai ba ta tafiya da ƙafa uku, kuma safayarta ta daɗe da mutuwa. Su cire taya ɗaya ranar da ba a fita.

Duk suka juyo suna kallona. Nas ta ce shi ke nan, a wurin Mai Faci za a riƙa ajiyewa, tunda shi ke da jak kuma shi ba ya shiga motar. Akawu ya yi shiru, wanda a wurinsa amincewa ce. Ban samu damar cewa a'a ba, matata ta riga ta ce to.

*

Dogo ya riƙe kujerarsa. A daren nan su ukun suka sake haɗa na mai, har da Akawu, kuma Dogo ne ya ɗauki jarka ya tafi layi. Babu wanda ya ce masa yi haƙuri. Nas ta ba 'yarsa maganin tari kyauta, ina jin nata ke nan. Tela har yau yana cewa shi tun farko bai yarda da Akawu ba.

Ni kuwa Litinin, Laraba da Juma'a, da yamma nakan rufe shago da wuri, in ɗauki jak da sifana in je kangon, in ɗora motar a kan bulo, in gangaro da tayar baya har gidana. Ranar fita kuma tun kafin su tashi ina can ina ɗaure noti. Wata huɗu ke nan. Akawu ba ya amsa gaisuwata, amma makon jiya ya aiko Dogo ya gaya mini wai tayar ta fara sanƙo, tunda a hannuna take kwana, in duba in da hali in canza masa.